Irida ta Goma Sha Ɗaya

Shekara talatin ina riƙe da littafin haihuwa
a ofishin nan na Kalimnos mai taga ɗaya.
Duk jaririyar tsibirin nan ta bi ta bakin alƙalamina
tun ba ta ɗanɗani gishirin teku ba, balle ta iya rawa.

Da can sunan kaka ake kawo mini:
Sebasti, Nomiki, Temelina.
Suna ya sauka daga tsohuwa ya hau jika
kamar randar man zaitun ta gado,
ba a shawara da kowa.

Bana kuwa sai ka ce an yi shela.
'Yar likita Irida, 'yar mai gasa burodi Irida,
goma na ƙirga tun inabi bai nuna ba,
har hannuna ya haddace, yana rubutawa
ni ina can ina kallon jiragen ruwa.

Yau Sakellaris ya shigo, mai nutso neman soso,
hula a hannu, kunnensa ɗaya zurfi ya daɗe da kashewa.
Na ce, kai ma?
Ranar da malama za ta kira sunan nan a aji
kawuna sha ɗaya ne za su yi waiwaya.
Ina ka bar sunan mahaifiyarka, tana raye, tana jin kowa?

Ya ce, ita ta hana.
Ta ce nata sunan ya tsufa a bakin gaɓa yana jiran maza,
kada a ɗora wa yarinya wannan tsayuwa.

Kwana uku hadari ya tsare mu bayan duwatsu,
ba waya, ba wuta, matata na kan gwiwa.
Da gari ya waye sai ga bakan gizo,
ƙafa ɗaya cikin teku, ɗaya kan rufin asibiti.
Ban jira an faɗa mini ba, na ce a ɗaga anga,
saƙo ya riga ya iso, saura zuwa.

Na ce, haka mutanen da suka ce:
'yar aike ce tsakanin sama da ƙasa,
da tulu take ɗiba a teku ta shayar da gajimare.
Sunanta ne kuma a kan zoben launin da ke cikin ido,
da furen nan shuɗi da ke fita a maƙabarta bayan ruwa.
Amma dai ya yi yawa, Sakellaris.

Ya juyo mini da kunnen da ke ji.
Ya ce, mu shida ne a jirgin, duk mun gan shi,
Mikes ya rantse a kan gidansu ya sauka.
Ni na san inda nawa ya tsaya.

Na rubuta. Na busa tawada.
Ya fita bai ja ƙofa ba,
ya bar mini soso ɗaya a kan tebur,
har yanzu yana ɗigar da ruwa.