Sojan Dandalin Montgarel

A jirgin ƙasa ya zo, kwance cikin akwati,
an yi masa shimfiɗar ciyawa kamar tulun da ake gudun fashewarsa.
Daga tasha shanu huɗu suka ja shi zuwa kan tudu,
shekara uku bayan bindigogi sun yi shiru.
Kakana na cikin yaran da suka bi amalanken a guje.
Ya ce takalmi aka fara gani da aka ɓalle katako,
sai wata tsohuwa ta ce a rufe, kada sanyi ya kama shi.

Ba don kowa aka ƙera fuskarsa ba.
A littafin kamfani aka zaɓe shi, shafi na goma sha bakwai,
magajin gari na lasar yatsa yana buɗawa:
mai tuta ya yi tsada,
mai faɗuwa zai sa iyaye mata kuka a ranar kasuwa.
Aka tsaya kan wannan, mai dogare da bindiga yana kallon gabas.
Kuɗin tagulla bai haɗu ba.
An sayar da ƙwai, an tara tamma-tamma a hular limamin coci,
mai gidan burodi ya ba da ribar wata guda,
duk da haka baƙin ƙarfe aka iya saye, aka rufa masa asiri da fenti.
'Yan'uwansa sun cika ƙauyukan Faransa,
gashin baki ɗaya, hular kwano ɗaya.

To, je ka faɗa wa Célestine Mazaud.
Ita dai ta ce haɓar Firmin ce,
kuma kunnen hagun nan da ya ɗan baje, nasa ne.
Kowace Lahadi takan zo da tsumma
ta goge masa kashin tattabaru a kafaɗa,
tana yi masa faɗa kan rashin aiko wasiƙa.
Mai sara dutse ya yi kuskure a sunan,
ya rubuta Mazeau.
Ba ta iya karatu ba,
kuma ba a sami mai ƙarfin halin gaya mata ba
har ƙasa ta rufe idonta.

Da yaƙi na biyu ya zo, an turo mota neman tagulla.
Suka tumɓuke kan tsohon likita da ke bakin famfo,
ɗayansu ya ƙwanƙwasa gwiwar sojan da maƙulli,
ya ji amon tukunya, ya yi tsaki, suka wuce.
Talaucinmu ne ya cece shi.

Sunaye talatin da ɗaya ne a gaba.
Aka ƙara shida a gefe.
Biyu na Aljeriya ba su sami wuri ba,
suna can ƙasa inda ruwan sama ke fantsala taɓo.

Ina makaranta aka ɗaga shi da igiyar ƙarfe
don a sami wurin ajiye motoci.
Ya yi lilo a sama, ya juya sau biyu,
aka dire shi yadda ya zo.
Tun ranar kantin magani yake gadi.

Ni ne mai sabunta haruffan duk watan Oktoba,
da ɗan buroshi mai gashi kamar gira.
Bara wata mata ta zo daga Lyon da takardar haihuwa a jaka,
jikar ƙanen Firmin, ta ce a gyara sunan.
Majalisa ta zauna sau biyu, ta ce babu kuɗi.

Yau na durƙusa a gaban layi na goma sha tara,
gwiwata na ƙara, fenti na daskarewa.
Ramin harafin ya yi laushi fiye da na sauran,
nan yatsan Célestine ya riƙa bi shekara ashirin da biyu,
tana ƙirgowa daga sama.
Na cika shi yadda na same shi.
Zanzaro ya yi ɗaki a ƙarƙashin hular kwanon,
shi ma ban taɓa shi ba.