Takwas da Rabi

A Bagalam, bayan masu faci,
inda garin katako ke faɗa mana cikin shayi,
na kafa sabon zarton tebur.
Mai sayarwa ya rantse yana jin fata:
nama na taɓa haƙori, faifan zai nutse
kafin ka ce wash.

Nomau ya zo kallo, hannu a baya.
Shekara talatin yana tsaga katako, yatsunsa goma cif,
kuma yana son a ƙirga.

Larabar farko na tura ɗanyen maɗaci.
Ƙarfen ya zaci mutum ne,
ƙau! ya ci birki.
Faifai ya tafi, birki ya tafi,
jikka talatin da biyar kafin shayina ya huce,
ƙofar Hajiya Tsahara kuma ta kwana ba a gama ba.
Nomau ya yi dariya har ya dafa bango.
Ya ce, mai gadin da ke harbin inuwa!
Da muguwar rawa, Rabe, gara ƙin tashi.

Ban tanka ba.
Ni takwas da rabi gare ni.
Sallama kawai aka yi, wata bazara, a shagon Lawali,
na ɗaga kai in amsa.
A leda na kai sauran asibiti, bisa kabu-kabu,
likita ya duba ledar, ya dube ni.
Har yau ruwan alwala ta nan yake tsiyayewa,
loma kuma sai na yi mata dabara.

Ya sake yi mini ƙarya a kan wata ƙusa
da ta ɓuya cikin tsohon gado.
Na zage shi, ba zan ɓoye ba.
In icen ya jiƙe, da hannuna nake kashe masa ji,
ya koma zarto kamar na kowa,
mai yunwa.

Sai jajiberin salla, aiki ya yi mana rubdugu.
Mutari, ɗan ƙanwata, ido duk barci,
ya manta sandar turawa.
Ƙau.
Shagon ya yi tsit, har rediyon maƙwabta muke ji.
Ya ɗaga babban yatsa yana rawa:
tsaga ƴar ƙarama, kamar kaza ta tsattsage shi.
Filasta ta dala ashirin ta rufe ta.

Nomau ya leƙa, ya ce, ai ga jini nan,
ba kun ce ba ya yanka ba?
Na ce, ya yi jini.
Rufin ɗakina ma yana yoyo ta kusurwar gabas,
ban taɓa kwance shi na kwana a fili ba.

Bashin Alhaji Mijinyawa yana nan, bai ragu sosai ba.
Matattun faifai uku na rataye a bango,
biyu na asara,
na ukun ban san sunan da zan ba shi ba.

Nomau bai sayi irinsa ba, ya ce ba zai saya ba.
Jiya dai ya aiko autansa da katako huɗu a tsaga masa,
wai nasa zarton ya dakushe.