Zaure na Huɗu

Da asuba na duba waya,
zauren babu.
Mutum ɗari bakwai da sittin da uku
sun narke kamar gishiri a ruwan Agusta.
Layi ɗaya aka bar mini:
an rufe, kun saɓa ƙa'ida.
Wace ƙa'ida? Bango ba ya amsa sallama.

Karo na uku ke nan.
A na farko har abinci na ƙaurace wa.
Yau littafin bashin shagon babana na ɗauko,
inda na kwafe lambobinsu da biro tun bara,
Nanret na dariya, wai ɗan kirifto da takarda.

Na zauna gun mai shayi a Farin Gada,
sanyi na cizon yatsu,
ina kira ɗaya bayan ɗaya.
Gyang ya ɗauka daga gonar dankali.
Bilyaminu ya ce, "In kai ne da gaske,
nawa na tafka asara a watan azumi?"
Na faɗa. Ya yi shiru.
Ya ce, "Sa ni."

Wasu sun katse kiran.
Malam Tanimu, da ya koya mana
ɓoye kalmomin sirri goma sha biyu,
ɗansa ne ya ɗauka:
jiya aka yi sadakar bakwai.

Kafin magariba mun kai tamanin da ɗaya.
Sabon suna marar ƙanshin kuɗi:
Masu Kiwon Zabi.
Nanret ta yi sallama,
wani ya tambayi farashi
kamar jiya muka rabu.

Littafin kuwa na naɗe shi a leda.
Damina ce.