Wasiƙa Daga Gindin Bedi

Shekara talatin da ɗaya Baba Tankari ya yi
a gindin bedi, daura da gidan waya,
kan tebur mai ƙafa uku, ta huɗun dutse,
yana rubuta wa mutane kukansu.
Mai bin fansho, mai rigimar gona a Jiratawa,
matar da ɗanta ya hau Arewa, shiru.
Kowa ya zauna ya zube cikinsa,
shi ya tattara, ya ɗaure da bik.
Dala biyar wasiƙa. Wadda mijinta ya mutu, kyauta.

Yau bai san sunana ba.
Da asuba ya kira ni Kuluwa,
Kuluwa kuwa uwarsa ce, ko ni ban tarar da ita ba.
Na amsa. In ce masa me?

Ran Litinin, ranar kasuwa, ya fita da takalmi wari ɗaya.
Sai bayan la'asar Ilu mai kabu-kabu
ya tsinto shi a Bagalam,
yana tambayar yara gidan da ya rushe tun da daɗewa,
su kuwa suna bin sa da tafi.

Maƙwabta suka ce jifa ne.
Gwaggo ta ce iska, a kai shi Tibiri.
Mun sha hayaƙi har labule ya yi baƙi,
akuyata ja ta tafi a haka.
A babbar likita wani lokotoro mai hakuri ya ce:
ba aljani, ciwo ne, ƙwaƙwalwa ke zubewa
kamar gaɓar Gulbi a tsakiyar damina.
Ya rubuta magani na jika tara,
ya ce masanin abin sai Yamai.
Yamai! Da mutumin da ba ya yarda da motar da bai sani ba.

Na ji a rediyo an yi taro,
an ce tsari, an ce kwamiti, an ce shekara biyar.
An sha lemo, an tashi.
Ba na raina taro, ranka ya daɗe.
Kun yafe wa ɗan ƙasa da biyar kuɗin magani,
Allah ya saka, na ci moriyarsa da 'ya'yana.
To wanda ya yi tamanin ya komo ɗan uku fa,
wanda nake wa wanka, nake ba shi fura da ludayi,
a wane layin littafinku yake?

Ku fara da ƙidaya.
A lungunmu kaɗai akwai uku a bayan ƙyaure,
ɗaya da igiya a ƙafa, don 'yarta ba ta da mai tsaro.
A koya wa majon unguwa ya gane ciwon,
ya daina ce mana tsufa ne, ku je gida.
Ɗaki ɗaya nake roƙo, da inuwa da mai kula,
in ajiye shi wuni guda a mako,
in matse gyaɗata, in kai mai kasuwa.
Tun bara turmina ke kife.
Ni ma barcina rabi ne, kunnena na kan sakata.

Daren jiya na jawo teburinsa ina rubuta wannan.
Ya matso, ya leƙa, ya karɓe bik ɗin,
hannunsa ya daina rawa.
Ya ce, "Malama, ba ki sa kwanan wata ba.
Kuma wa za a aika wa?
Wasiƙa ba ta tahiya sai da sunan ofis."

Na yi shiru, don ban san ofishin ba.

Ya ninke takardar gida uku, daidai, kamar da,
ya lashi bakin ambulan da babu,
ya miƙo mini.
"Dala biyar," in ji shi.
Sai ya dubi fuskata, ya daɗe yana duba.
"Bar shi. Ke da ganinki kin gaji."