Kalmar Mai Tafiya, Kalmar Mai Zama

Larabci na je nema Hartum,
aka ba ni gadon sama a ɗaki na tara.
Na ƙasa na Sekar ne, 'yar Pekalongan,
mai tukunyar shinkafa ta lantarki
da take lallaɓawa kamar jaririya.

Makon farko da Larabcin littafi muka gaisa,
kamar alƙalai biyu a kan bokitin wanki.
Ran da ta ara mini allura na yi godiya,
ta ce, sama-sama.
Na ce a raina, au, taimakon ma sama-sama ne?
Kwana biyu ina cika ina batsewa
kafin na gane "ba komai" take nufi.

Sai na juya littafin Nahawu ta baya na buɗe kasuwa.
Ido a bakinsu mata ne,
rana kuwa matahari, wai idon yini.
Doki, kuda.
Na yi dariya har maƙwabta suka buga bango,
don a Kazaure ƙuda ba ya ɗaukar sirdi.
Mai kuɗi suna ce masa kaya.
Wannan kam na yarda, a tambayi wuyan mai su.
Ta ce kabar, na ce labari,
ta ce waktu, na ce lokaci,
muka yi shiru muna duban juna.
Ashe rijiya ɗaya kakanninmu suka ɗiba,
kowa ya saɓa tulunsa ya kama hanya.

Shinkafa ɗaya, suna uku:
padi a gona, beras a buhu, nasi a kwano.
Na rama da gero,
tun daga zangarniya har gumba, har kunun tsamiya,
ta ɗaga hannu ta ce na ci.
Da daddare ta daka sambal a ɗan turminta na dutse,
na ci ina hawaye ina cewa mura ce.
Ta shimfiɗa zanen da kakarta ta zana da kakin zuma,
na shimfiɗa atamfata kusa da shi,
suka kwanta kamar 'yan uwan da aka raba tun yaye.

Wani dare wuta ta ɗauke, muna kan soro,
ta ce su "mu" ɗinsu biyu ne:
kami, mu ban da ke,
kita, mu har da ke.
Na ce namu ɗaya ne tal,
sai dai ki dubi idon mai faɗa.

Goman ƙarshe na azumi, Asabar da safe,
muka ji ƙarar da ba ta gini ba ce.
Kwana nawa? Ban ƙirga ba.
Na san dai ƙarƙashin gadonta ya ɗauke mu biyu,
ruwan jarka yana sauka kamar hankalinmu,
muna buɗe baki da dabino uku, ɗaya a raba.
Duk sanda taga ta girgiza
sai ta damƙe hannuna ta ce, kita.

Motarsu ce ta fara zuwa, za ta gabas, bakin teku.
Tamu, aka ce, ta arewa ce, a jira.
Ta koya mini tun da daɗewa:
mai tafiya ya ce selamat tinggal,
mai zama ya amsa selamat jalan.
To a bakin ƙofar nan wa ke zama?
Muka faɗi ta mai zama, mu biyu, a tare,
kowa yana sallamar kowa.
Ta cusa mini turmin a jaka ta ruga.

Dutse ne. Na tsallaka sahara da shi,
na bar takalma, na bar ƙamus, ban bar shi ba.
Yanzu Inna ke niƙa kanwa a ciki,
tana mitar ƙanƙantarsa.

Littafin kuwa yana can ƙarƙashin filo, ɗaki na tara,
kalmomi ɗari huɗu da sha ɗaya.
Nakan lissafo su in barci ya ƙi.
Jiya na kai ɗari uku da tara.