Mai Gadin Takardu

Ɗakin da na yi jegon Rumasa'u
shi ne yanzu sito.
Gadon ƙarfe na jingine da bango,
kwalaye sun hau juna har suna taɓa azara.
Ƙamshin sabuwar takarda ya kori na turaren wuta,
zanena ma warin kanti yake yi.

Ita tana can.
Bara Alƙahira, da azumi Istambul,
yanzu wani gari da harshena ke tuntuɓe da sunansa,
inda rana ke riga tamu fitowa da awa bakwai.

Shagonta ba ƙofa, ba kwaɗo, ba bencin zama.
Ta ce cikin waya yake.
Na ce to madalla,
amma ɓera bai san hanyar waya ba,
nan Rafindadi ya zo,
ya gaigaye littafi goma sha biyu a dare guda,
ni na tashi na ɗana tarko da ƙuli-ƙuli.

Ban yi boko ba, da ido na san kayan:
mai bango kamar ganyen zogale,
mai ruwan ƙwai, mai ruwan kunun kanwa da zare a gindi,
biro mai hula, biro mai ƙyas,
da 'yan takardun nan masu liƙewa kamar ƙarangiya.

Kafin in shafa addu'ar asuba muryarta ta iso:
"Inna, uku Kaduna, ɗaya Jos,
ta Funtuwa ta biya, a ɗora mata gyaran fensir."
Bayan maganar ina jin kukan jirgin ƙasa,
wani lokaci ruwan sama wanda ba namu ba.
Nakan sake danna saƙon sau biyu, sau uku.
Lissafin na riƙe tun farko,
so nake in ji ko tarin nan ya sake ta.

Hantsi na yi Lurwanu ya tsaya da babur,
ya ɗaure ƙunshi da roba, sai tasha.
Ranar da muka yi kuskure,
littafin amarya mai rubutun zinariya
ya tafi wurin wani malamin lissafi a Dutsin-Ma,
amarya kuma ta kwance leda ta ga jan biro hamsin.
Kwana uku muna cacar baki,
ita cikin darenta, ni cikin ranata.
Malam ya ce ba ya mayarwa,
ya riga ya zuba sunayen ɗalibai a ciki.

Da dala ta yi tsalle ta ce a ƙara kuɗi.
Na ce Barira ta layin baya fa? 'Ya'yan ƙanenta marayu take saya wa.
Shiru ya yi tsawo har na zaci layi ya yanke.
"Inna, kasuwa ce."
Ni za a gaya wa kasuwa?
Shekara ashirin ina gaban kaskon ƙosai a Ƙofar Marusa,
da shi aka sayi biron da ta fara riƙewa.
Na bar wa Barira a tsohon farashi,
na cike giɓin da zubin adashena.
Ba ta tambaya ba. Wataƙila ta gane.

Cikin waɗanda ɓera ya taɓa
ta ce in zubar, ba su sayuwa.
Na ɓoye ɗaya ƙarƙashin buzun salla.
Ina da ajamina tun na makarantar allo,
da shi nake zuba abin da ba ya shiga saƙon murya:
lemun tsakar gida ya yi 'ya'ya,
gwiwa ta hana ni sujada tun Laraba,
jiya na dafa dambu, na zuba a kwano biyu
kafin in tuna.

Shafi na arba'in nake, saura sittin.
Ta ce tana tafe da Salla.
Ba ta ce wace ba.