Awon Uwata

Shekara goma sha ɗaya uwata Hilda na sanye da kwat ɗin mamaci.
Na babana Wilf ne, ya yi mata yawa.
Kafaɗun sun zubo har damtse,
hannayen sai ta naɗe su sau uku
kafin ta iya kwance igiyar ƙyaure.
Da shi take hawa tudu duba tumaki
a ƙasar nan tamu ta Northumberland,
inda ruwan sama ba ya sallama in zai shigo,
ba ya kuma gane an gaji da baƙuntarsa.

Ran Talata na sauka Hexham
da ladan kwanan asibiti na dare tara a jaka.
Kantin na bayan kasuwa, da ƙararrawa a ƙofa.
Ƙamshin ne ya fara tare ni,
kaki da auduga,
ƙamshin ƙirjin babana in ya ɗaga ni sama.
Sai da na haɗiye yawu kafin na gaisa.

Dodd, mai kantin, tabarau a karan hanci,
bai tambaye ni launi ba.
Ya ce, na ado ko na aiki?
Na ce, na karɓar haihuwar tumaki cikin sanyin Maris.
Ya wuce na jikin taga bai ko dube su ba,
ya sauko da wani kore mai duhu,
mai nauyi kamar jiƙaƙƙen bargo.

Juya cikinsa, in ji shi, a nan gaskiya take kwana.
Na bi ɗinkin da farce, layi biyu, babu tsallake.
Zif na tagulla, wuya mai laushin karan-miski,
aljihu mai cin kwalbar madara har da saura.
Ya ɗiba ruwa a kofi ya watsa wa kafaɗar.
Ruwan ya dunƙule, ya gangara,
ya tafi bai bar ko sawu ba.

Ban da sabulu, ban da injin wanki.
Soso da ruwan sanyi sun ishe shi.
Duk kaka a narka kaki a shafe shi da tsumma,
in an kula da shi, zai ga jikokinki.
Da na ji fam ɗari biyu da tamanin na yi tsaki.
Ya yi murmushi: araha ba ta ado,
a nan kuwa ko yayyafi ba ta tarewa.

Sai ya ce, mene ne awonta?
Ashe ban sani ba.
Ni da na san hawan jininta da sunan kowane maganinta.
Na ware hannuwa a tsakiyar kanti
kamar ina rungume da ita,
na rage, na ƙara ragewa.
Dodd ya auna iskar da ke tsakani
bai yi mini dariya ba.

A gida ta ce, Nell, wannan ai ɓarna ce.
Ta faɗa sau biyu, tana shafa wuyan.
Sannan ta zura.
Hannuwanta suka fito fili,
ƙanana, masu kanta, da zoben da ya ƙi fita.
Na manta haka suke.

Ta kwashe kayan tsohon aljihu ɗaya bayan ɗaya:
usur na kiran kare, 'yar wuƙa, guntun igiya,
da wata alewa da ta manne wa takardarta
tun Wilf na da rai.
Ita ma ta bi su sabon gida.

Tsohon kwat bai je bola ba.
Daren Alhamis tunkiya ta zubo tagwaye cikin ƙanƙara,
na leƙa rumfa na tarar da ƙaramin a ƙudundune ciki,
yana numfashi a inda zuciyar babana take zama.
Uwata na tsugune da fitila,
ruwa na sauka daga kafaɗarta,
ba ta ko waiwaye shi ba.